Darasin Sana'a: In Za Ka Sauya Injin Mota, Kada Ka Baro Ƙwaƙwalwarsa A Kasuwa

Darasinmu na wannan wata ya shafi masu motocin haya, da direbobi, da yaran da iyaye suka kai gareji koyon aiki. Duk wanda ya san hanyar Haɗeja da sassafe ya san irin motocin da ke shigowa daga Gezawa da Gabasawa cike da kayan gwari zuwa 'Yankaba, da kuma waɗanda ke kwasar ma'aikata da kaya zuwa kamfanonin Bompai a Ƙaramar Hukumar Nassarawa, ko su zarce Sharaɗa da Challawa. Kusan dukkansu tsofaffin motoci ne da suka gama aiki a Turai ko Amurka kafin su iso nan. Ran da inji ya buga, ba sabuwar mota ake saye ba. Ƙofar Ruwa ake nufa a nemo wani injin na hannu, wanda ake kira ɗan Beljiyam, a ɗora.

To, a nan ne mutane da yawa ke yin asara. Mutum ya sayar da sa, ko ya ɗauki kuɗin adashi, ya sayi inji mai lafiya, a ɗora shi cikin yini ɗaya, amma mota ta shafe wata guda a gareji ba ta tashi ba. Ko kuwa ta tashi tana shan mai kamar rariya. Yawanci ba injin ne da laifi ba. An raba shi ne da ƙwaƙwalwarsa da wayoyinsa.

Mene ne ƙwaƙwalwar mota?

A zamanin Fijo 504, wadda kamfanin Peugeot ya yi shekaru yana harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antarsa a 1975, sauya inji ba shi da wani wuya. Kafireto ne ke gauraya mai da iska, distirbuta kuma ta raba wuta ga fulogai. Wayoyin da za ka cire ba su taka kara sun karya ba: ta kwayil, ta kik, ta caji, da na agogon zafi da fitilar baƙin mai. Bakanike mai kunne yana iya saita motar da sukurdireba kawai.

Motocin da suka biyo baya ba haka suke ba. Tun 1967 kamfanin Bosch na Jamus ya fito da tsarin fesa mai da lantarki ke sarrafawa, aka fara sa shi a motar Volkswagen 1600. Daga nan dokokin rage hayaƙi a Amurka da Turai suka yi ta tsananta, har kafireto ya ɓace daga sababbin motoci. Abin da ya maye gurbinsa shi ne wata 'yar kwamfuta a cikin akwatin ƙarfe ko na roba, girmanta bai wuce littafin karatu ba. Ita ce kanikawa ke kira biren-bos, mu kuma za mu kira ta ƙwaƙwalwa.

Aikinta sauraro ne da ba da umurni. A jikin inji akwai ƙananan na'urori da ake kira sansa. Ɗaya tana gaya mata yadda ƙaramshaf ke juyawa da inda fistin yake. Wata tana auna iskar da ke shiga, wata zafin ruwan lagireto, wata yadda direba ya taka totur, wata kuma tana jikin salansa tana shinshinar hayaƙi don a san ko man ya ƙone sosai. Da wannan labari ne ƙwaƙwalwa ke yanke tsawon lokacin da nozul zai buɗe, da lokacin da fulogi zai ba da wuta. Abin da take nema a yawancin tafiya shi ne awon iska 14.7 ga awon fetur 1, bisa nauyi. Tana yin wannan lissafi sau da yawa cikin kowace daƙiƙa.

Duk saƙon nan ta waya yake tafiya. Wayoyin an tattara su an naɗe wuri ɗaya kamar damin dawa, suka yi rassa zuwa kowace sansa da kowane nozul. Shi ne damin wayoyin inji, wanda masu sana'a ke ce wa wayarin. Ka ga ke nan inji, da ƙwaƙwalwa, da damin wayoyi 'yan gida ɗaya ne. A masana'anta tare aka tsara su.

Tun daga kasuwa ake fara aikin

Dillalan inji da yawa sukan datse damin wayoyi da almakashi ko zarto lokacin da ake ciro injin daga tsohuwar mota, domin ya fi sauri. Sai ka ga inji tsaf, amma wayoyinsa guntaye kamar jelar da aka yanke. Idan injin da za ka saya iri ɗaya ne sak da wanda ya mutu, wannan ba matsala ba ce, sai ka yi amfani da tsohon daminka da tsohuwar ƙwaƙwalwarka. Amma kalmar "iri ɗaya" tana bukatar bincike.

Ga misali. Injin Toyota Corolla mai lita 1.8, wanda lambarsa 1ZZ-FE, an yi shi shekaru da yawa. Na farkon yana da igiyar totur ta ƙarfe daga ƙafar direba zuwa inji. A Corollar Amurka daga 2005 aka cire igiyar, ƙwaƙwalwa ce ke buɗe totur da ɗan ƙaramin moto. Suna ɗaya, kama ɗaya, amma soket da wayoyi da ƙwaƙwalwa sun bambanta. Haka kuma ƙwaƙwalwar mota mai giya otomatik ba ɗaya take da ta mai giyar hannu ba. In ka sa ta otomatik a motar giyar hannu, za ta yi ta neman giyar da ba ta nan, fitilar gargaɗi ta ƙi mutuwa.

Saboda haka kafin ka tafi kasuwa, ɗauki biro da takarda. Kwafi lambar da aka buga a jikin tsohon injin. Kwafi lambar da ke kan takardar da aka manna a jikin ƙwaƙwalwa, harafi bayan harafi. Ta Toyota yawanci tana farawa da 89661. Wadda Bosch ya ƙera ta fetur tana farawa da 0 261, ta gas kuma 0 281. Ƙirga soket nawa ne, da yawan haƙoran kowanne. In akwai waya mai kyamara, ɗauki hoto. Mai saye da ya zo da lambobi a rubuce, ɗan kamasho ba ya juya shi yadda ya ga dama.

In kuwa injin wani iri za ka ɗora, to ka yi ciniki a kan abu huɗu tare: inji, da daminsa ba yanka, da ƙwaƙwalwarsa, da makullinsa. Maganar makulli ba wasa ba ce. Daga 1998 ƙasashe irin su Jamus da Ingila suka tilasta a sa wa sababbin motoci na'urar hana sata. A cikin kan makullin akwai wata 'yar ƙwaya mai lambar sirri. Wani zobe da ke kewaye da ramin makulli yana karanta ta, ya aika. In lambar ba ta dace da wadda ƙwaƙwalwa ta sani ba, ba za ta saki mai ba. A motocin Volkswagen, irin su Golf da Sharon da ake haya da su zuwa garuruwa, alamar ita ce inji ya tashi ya mutu bayan kamar daƙiƙa biyu. A wasu Toyota kuwa kik zai yi ta juyawa ba tashi. A wasu motocin na'urar tana cikin wani akwati na dabam, a wasu tana cikin agogon dashbod, kamar a Golf 4. Duk inda take, sai ta biyo injin, ko kuma a nemi mai kwamfutar da zai daidaita lambobin, shi ma da kuɗinsa.

Me ya sa ake sauya wa ƙwaƙwalwa mazauni?

Kowane kamfani da inda yake ɓoye ta. A Golf 3 tana ƙarƙashin gilashin gaba, a cikin kwararon da ruwan sama ke bi. A Honda Accord ta farkon shekarun 1990 tana ƙarƙashin kafet, wajen ƙafar fasinja. A Corolla ta 2003 zuwa 2008 tana bayan akwatin ajiya na dashbod. A Fijo 406 tana cikin ɗakin inji a wani akwati nata. In ka ɗauko injin wannan ka sa a jikin waccan, damin wayoyi zai ƙare a inda babu mazauni.

Akwai kuma wani dalili da mutane kan manta. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama a watan Afrilu na 1972, shi ya sa sitiyarin motocinmu ke hagu. Japan da Ingila kuwa har yau sitiyarinsu na dama. Injin da aka ciro daga motar Japan ko ta Ingila, sau da yawa daminsa yana ratsa bangon ƙarfen da ya raba ɗakin inji da mazaunin direba ta ɗaya gefen. Sai ka tarar ya nufi inda sitiyari da fedar burki suke, ko kuma ya gaza da taƙi biyu ko uku. Nan ake tsayawa a yi shawara: a matsar da ƙwaƙwalwa inda wayoyi suka kai, ko a ƙara wa wayoyi tsawo.

Shawarata ita ce, muddin akwai wuri mai kyau inda damin ya kai, a matsar da ƙwaƙwalwar. Ƙera mata sabon maɗauri aikin awa ɗaya ne. Ƙara tsawon waya sittin ko tamanin kuwa, kowane haɗi ƙofar matsala ce da ka buɗe wa kanka.

Wuri mai kyau shi ne wanda ya tsira daga zafi, da ruwa, da girgiza. A watan Afrilu zafin Kano kan wuce digiri 40 a inuwa, balle a ƙarƙashin bonet kusa da salansa. Ƙwaƙwalwar da aka yi don zama cikin mota ba a toshe ta yadda za ta jure ruwa da ƙura ba, saboda haka kada a fitar da ita ɗakin inji. Wadda aka yi don ɗakin inji tana iya shiga ciki ba laifi. A watan Agusta kuwa, lokacin da tituna ke cika da ruwa, motar da ƙwaƙwalwarta ke daɓe ita ce ta fara kwana a hanya. A ɗaga ta sama, bayan dashbod. A ɗaure ta da noti a jikin ƙarfe, da ɗan roba a tsakani. Kada a naɗe ta a leda a cusa ƙarƙashin kujera, kamar yadda ake gani a wasu motocin haya. Leda tana tara gumi, ƙafar fasinja kuma tana taka soket.

Bakin soket ya kalli ƙasa ko gefe. Sa'an nan a bar damin ya ɗan lanƙwasa ƙasa kafin ya hau zuwa soket, domin ruwan da ya biyo waya ya ɗiga a nan maimakon ya shiga ciki. Masu Golf 3 kuma su riƙa share ganyen darbejiya da ke toshe magudanar kwararon nan tun kafin damina.

Yadda ake aikin wayoyin

Abu na farko, cire kan batir, a fara da na ragi, wato wanda ke haɗe da jikin mota. A dakata 'yan mintoci. Duk soket mai launin ɗorawa na jakar iska ne da ke fashewa lokacin haɗari, kada a taɓa shi da fitilar gwaji.

Kafin a zare ko soket ɗaya, a manna masa farar takarda ko salatif a rubuta sunansa: nozul 1, nozul 2, zafin ruwa, totur, ƙaramshaf. Wasu soket kamarsu ɗaya, suna shiga ramin juna, kuma bayan kwana uku babu wanda zai tuna. Yaron gareji da ya iya rubutu, a nan ne yake zama na hannun daman maigidansa.

Damin inji ba shi kaɗai ne a mota ba. Akwai damin jikin mota, mai kai wuta ga fitilu, da agogo, da makulli, da famfon mai. Wurin da su biyun ke haɗuwa shi ne ainihin aikin mai wayarin. Ƙwaƙwalwa tana bukatar wutar batir da ba ta yankewa, da wata wutar da ke zuwa sai an murɗa makulli. Tana da wayar da ke kunna rilen famfon mai, da ta fanka, da masu zuwa agogon dashbod, da ta fitilar gargaɗi. Kowace sai an gano ta da mita ko da zanen wayoyin motar, ba da tsammani ba. Launi ba hujja ba ne. Jar waya a Toyota ba lalle aikinta ɗaya da jar waya a Volkswagen ba. Yawancin sansa kuma da bolt 5 suke aiki. In ka kai musu 12 na batir bisa kuskure, ka ƙona su, wataƙila har da ƙwaƙwalwar.

In tilas sai an ƙara tsawo, a yanke waya ɗaya, a haɗa, a rufe, sa'an nan a koma ta gaba. Kada a datse damin gaba ɗaya. A yi amfani da wayar mota mai silili da yawa, mai kauri daidai da ta asali. Wayar gini mai tagulla ƙwaya ɗaya girgiza tana karya ta. A haɗa da dalma ko da maƙali na ƙarfe da ake matsewa, a rufe da bututun roban nan da ke tsukewa in ya ji zafi. Murɗa waya da hannu a naɗe da baƙin salatif gyaran gangar Auzinawa ne. Da zafi ya narkar da gam ɗin, haɗin zai saki, mota ta riƙa mutuwa a kan gargada ba a san dalili ba. Kuma kada haɗe-haɗen su taru wuri ɗaya su yi ƙullutu. A jera su ɗaya gaba da ɗaya.

Wayoyi iri biyu suna son kulawa ta musamman. Na farko su ne masu riga, wato waɗanda aka lulluɓe da saƙar ƙarfe, kamar ta sansar ƙaramshaf. Saƙon da suke ɗauka rauni gare shi, rigar ce ke kare shi daga hayaniyar wutar fulogi da ta altaneta. In aka ƙara musu tsawo da waya tsirara, inji zai riƙa shaƙewa. A ƙara da irinsu, a kuma nisanta su daga wayoyin fulogi. Na biyu su ne tagwayen da aka murɗe da juna kamar igiya. Su ne layin da kwamfutocin mota ke magana da juna, tsarin da ake kira CAN wanda Bosch ya gabatar a 1986. Kada a warware murɗin. Mai mita yana iya gwada lafiyarsu: in an cire batir, tsakanin tagwayen ya kamata a ga om 60.

Wajen ratsa bangon ƙarfe, a sa zoben roba a bakin ramin. Ƙarfe tsirara yana cin rigar waya sannu a hankali har wuta ta tashi. A kiyaye damin daga salansa, da bel, da sandar sitiyari, a ɗaure shi nan da can, amma a bar masa ɗan sassauci tsakanin inji da jikin mota, domin inji yana motsi a kan mazauninsa. Motocin da ke ɗaukar hatsi daga Dawanau ba sa rabuwa da ɓera, don haka a sa damin cikin bututun roba mai tauri.

Sai wayar at, wadda ke mayar da wuta ta jikin ƙarfe. Ita ce aka fi mantawa. Dole a sami mai kauri daga batir zuwa jikin mota, da wata daga inji zuwa jiki, da ƙananan da ke fitowa daga dami a ɗaure su a kan inji inda masana'anta ta tanada. A kankare fenti da tsatsa har ƙarfe ya yi fari. In babbar wayar at ba ta nan, wutar kik mai ƙarfi za ta nemi hanya ta ƙananan wayoyi, ta gasa su.

Wanda ke sa injin injekta a motar da a da take da kafireto ya san cewa famfon mai ma sai an sauya. Injekta na bukatar matsin mai kusan ba 3, wanda ya ninka na kafireto sau da yawa. Tiyo da maɗaurinsa su zama masu jure wannan matsi, in ba haka ba fetur ya fesa a kan inji mai zafi.

Ranar tayarwa, da wasu ɗabi'u da ya kamata a bari

A mayar da batir, a tabbata ba a juya kawunansa ba. A murɗa makulli ba tare da an buga kik ba. Fitilar gargaɗin inji ta kama, famfon mai kuma ya yi ƙugi na daƙiƙa biyu ko uku a yawancin motoci. Wannan ita ce shaidar ƙwaƙwalwa ta farka. Bayan inji ya tashi, mita ta nuna tsakanin bolt 13.5 da 14.5 a kan batir.

Kada a yar da soket ɗin bincike mai rami 16 da ke ƙarƙashin dashbod. Amurka ta wajabta shi daga 1996, Turai kuma daga 2001 ga motocin fetur. Ta nan ake jona na'urar da ke karanta ƙorafin ƙwaƙwalwa. Alal misali, P0335 na nufin saƙon sansar ƙaramshaf ba ya isowa. Kuɗin dubawa sau ɗaya bai kai na sayen kayan da ba su lalace ba. Wasu masu wayarin sukan cire ƙwan fitilar gargaɗi don mai mota ya ga kamar komai lafiya. Mai mota ya duba da idonsa cewa fitilar tana kamawa in an murɗa makulli, tana mutuwa in inji ya tashi.

Akwai abubuwan da aka gada daga zamanin kafireto waɗanda ke kashe ƙwaƙwalwa. Cire kan batir inji na aiki don a gwada caji yana aika mata wuta fiye da ƙima. Yin walda a jikin mota ba a zare soket ɗinta ba, haka. Sa silin waya a madadin fis da ya ƙone kuwa gayyatar gobara ce. Sa'an nan ga al'adar cire tamostat da jona fanka kai tsaye. Injin ba zai kai zafin aikinsa da wuri ba, sansa ta gaya wa ƙwaƙwalwa har yanzu da sanyi, ita kuma ta ci gaba da ƙara mai. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, wannan ƙarin yana fitowa ne daga balas ɗin da direba zai kai wa mai mota da yamma. Wasu in wayarin ya gagare su sai su ce a mayar da injin kafireto. Motar za ta tashi, amma ba za ta ƙara yin tattalin man da aka ƙera ta da shi ba.

Lambar inji tana cikin takardun mota. In an sauya inji, a karɓi rasit daga mai sayarwa da lambar sabon injin a rubuce, a je ofishin lasisi a gyara takardun. Injin da ba shi da rasit, ba ka san daga jikin motar wa aka ciro shi ba, kuma kai za a tambaya a shingen bincike.

Aikin wannan wata: ɗalibin da ke da mota a gidansu ko a garejinsu ya nemi izini ya buɗe bonet, ya nemo lambar inji da ta ƙwaƙwalwa, ya kwafe su a littafinsa tare da sunan motar da shekararta, ya kawo wa malamin aji su karanta tare.